Yadda ake karɓo sahihin lokaci daga sabar intanet a cikin manhajar da ka rubuta

Na taɓa rubuta wa wata makaranta 'yar ƙaramar manhaja ta rajistar malamai. Malami ya iso da safe, ya danna lambarsa, manhajar ta rubuta ƙarfe nawa ya zo. Ta yi makonni tana aiki lafiya lau, sai ran nan shugaban makarantar ya kira ni, ya ce rahoton ya nuna malamansa sun zo aiki da sha biyun dare, kuma a wata shekara da ta daɗe da wucewa. Da na buɗe kwamfutar sai na tarar batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon cikinta, CR2032, ya mutu. Duk sanda aka ɗauke wuta sai agogon ya koma inda masana'anta ta bar shi.

Wannan ma da sauƙi, domin kowa ya gani ya san kuskure ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da na gano daga baya: tun kafin batirin ya ƙarasa mutuwa, agogon yana gaba da mintoci, kuma an riga an rubuta wa wata malama latti sau da dama alhali ta zo a kan lokaci. Manhajata ce ta yi mata shaidar ƙarya, don kawai ta yarda da agogon da ke gabanta ba tare da ta bincika ba.

Agogon kwamfuta ɗan ƙanƙanin dutse ne mai kaɗawa, galibi sau 32,768 a sakan ɗaya. Zafi da sanyi da tsufa suna taɓa kaɗawar. Idan kuskurensa kashi 20 ne cikin miliyan, wanda ba abin mamaki ba ne a irin waɗannan duwatsu, zai riƙa kauce wa da wajen sakan 1.7 a kowace rana, kusan minti guda a wata. Wasu na'urorin ma ba su da agogo mai batir kwata-kwata. Ƙananan kwamfutocin Raspberry Pi da suka gabaci na 5 haka suke, ESP32 kuwa, ɗan ƙaramin allon lantarki mai Wi-Fi da ake harhaɗa na'urori da shi, idan ya farka ba tare da wani ya gaya masa lokaci ba, yana ɗauka farkon Janairun 1970 ne. Kuma lokaci ba ado ba ne. Lambar sirrin nan mai canjawa duk sakan 30 ba za ta yi aiki da karkataccen agogo ba, shafukan da ke da kariya za su ce takardar shaidarsu ba ta fara aiki ba ko ta ƙare, rasit zai fito da ranar da ba ita ba.

Hanyar da duniya ke bi ita ce NTP, ƙa'idar tambayar lokaci ta intanet da David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka ya tsara, aka fara wallafa ta a 1985. Siga ta huɗu da ake amfani da ita yau tana cikin takardar RFC 5905 ta 2010. Tsarinta kamar isnadi yake. A can sama akwai agogon atom ko na'urar karɓar GPS. Sabar, wato kwamfutar da ke amsa tambayoyin wasu a intanet, da ke haɗe da shi kai tsaye ita ce hawa na 1, wadda ta ji daga gare ta hawa na 2, haka har zuwa 15. Za mu rubuta ƙaramar sigar wannan ƙa'ida da hannunmu a Python, ba tare da ɗauko laburaren kowa ba, domin wanda ya ga cikin saƙon sau ɗaya ba zai ƙara rikicewa da shi ba.

Mataki na farko: zaɓi wanda za ka tambaya

Mafi sauƙi shi ne `pool.ntp.org`. Ba saba ɗaya ba ce, dubban sabobi ne na 'yan sa kai a faɗin duniya, duk sanda ka nemi sunan sai a haɗa ka da wasu daga ciki, ana ƙoƙarin ba ka na kusa da kai. Akwai sunaye huɗu, daga `0.pool.ntp.org` zuwa `3.pool.ntp.org`, akwai kuma na nahiya kamar `africa.pool.ntp.org`. Bayan su akwai na kamfanoni: `time.cloudflare.com`, `time.google.com`, `time.windows.com`, `time.apple.com`.

Kada ka ɗauka sabar da ke nahiyarmu dole ta fi kusa. Saƙo daga Kano zuwa wata ƙasar Afirka yana iya bi ta Turai kafin ya dawo. Abin da zai raba gardama shi ne awon jinkiri, kuma za mu auna shi. Suna za ka rubuta a manhajarka, ba lambar adireshin IP ba, domin sabobi suna canja adireshi, wasu ma su daina aiki.

Mataki na biyu: haɗa saƙon tambaya

Saƙon NTP bayit 48 ne (kowane bayit bit takwas ne, bit kuma 0 ne ko 1), ana aika shi ta UDP, ɗaya daga hanyoyin aika saƙo a intanet, zuwa ƙofa mai lamba 123. Amsar ma bayit 48 ce, da fasali iri ɗaya. A wajen tambaya kusan duka sifili ne, wuri biyu kawai za ka cika.

Na farko shi ne bayit na farko, wanda aka raba gida uku: bit biyu na gargaɗi, bit uku na siga, bit uku na matsayin mai magana. Gargaɗi 0, siga 4, matsayi 3 wato mai tambaya. Idan ka jera su za ka sami 00 100 011, wanda a kod ake rubuta shi `0x23`. A tsofaffin misalai za ka ga `0x1B`, wannan siga ta 3 ce, kuma har yanzu sabobi suna amsa ta.

Na biyu shi ne bayit takwas na ƙarshe, daga 40 zuwa 47. A asali lokacin da ka aika saƙon ake sa wa a nan, sabar kuma ta kwafe shi yadda yake ta dawo maka da shi a bayit 24 zuwa 31. Tunda kwafa kawai take yi ba ta duba ma'anarsa, na fi son in sa lambobin da aka zaɓa da ka. Sun zama alama tsakanina da ita: amsar da ba ta ɗauke da alamata ba tawa ba ce. Ga kuma ƙarin amfani, ban bayyana wa kowa abin da agogona ke nunawa ba.

```python
import os, socket, struct, time

TAZARA = 2208988800

def karanta_lokaci(b):
    sakan, guntu = struct.unpack("!II", b)
    if sakan < 2**31:
        sakan += 2**32
    return sakan - TAZARA + guntu / 2**32
```

Wannan ɗan guntun kod yana ɗauke da abubuwa uku da suke kayar da mutane.

NTP yana ƙirga sakanni daga 1 ga Janairun 1900, Python da mafi yawan kwamfutoci kuma daga 1 ga Janairun 1970. Tsakaninsu shekara 70 ne, kwana 25,567 idan ka haɗa da ranaku 17 na shekarun da Fabrairu ke kai 29. Ninka da 86,400, za ka sami 2,208,988,800. Idan ka manta ka cire wannan, manhajarka za ta kai ka shekara 70 gaba.

Alamar `!` tana nufin a karanta bayit ɗin daga babba zuwa ƙarami, yadda ake jera su a kan intanet. Kwamfutar da ke gabanka akasin haka take jera nata, don haka idan ka bar alamar za ka sami lamba marar ma'ana. Harafin `I` babba kuma lamba ce ta bit 32 da ba ta zuwa ƙasa da sifili. Bayit huɗu na farko cikakkun sakanni ne, huɗu na biyu guntun sakan, shi ya sa ake raba shi da `2**32`, wato 4,294,967,296.

Sai layin nan na `if`. Bit 32 ba sa iya ɗaukar fiye da sakan biliyan 4.29 da 'yan kai, wato wajen shekara 136. Ƙirgar da ta fara a 1900 za ta cika ta koma sifili ranar 7 ga Fabrairun 2036. Ba nisa gare ta ba, na'urar da ka harhaɗa bana tana iya kaiwa. Dabarar ita ce: idan lambar ta yi ƙanƙanta har ta nuna kafin 1968, to mun shiga zagaye na biyu ne, sai a ƙara mata cikakken zagaye. Layi biyu ne kacal, kuma sun ishe ka har 2104.

Mataki na uku: aika, ka riƙe agogo a hannu

```python
def tambaya(saba, agogo=time.time, jira=3):
    sako = bytearray(48)
    sako[0] = 0x23
    alama = os.urandom(8)
    sako[40:48] = alama

    with socket.socket(socket.AF_INET, socket.SOCK_DGRAM) as s:
        s.settimeout(jira)
        s.connect((saba, 123))
        t1 = agogo()
        s.send(sako)
        amsa = s.recv(512)
        t4 = agogo()

    tantance(amsa, alama)
    t2 = karanta_lokaci(amsa[32:40])
    t3 = karanta_lokaci(amsa[40:48])
    bambanci = ((t2 - t1) + (t3 - t4)) / 2
    jinkiri = (t4 - t1) - (t3 - t2)
    return bambanci, jinkiri
```

UDP ba ya alkawarin isar da saƙo. Ka aika, ko ya isa ko bai isa ba, babu mai sanar da kai. Idan ba ka sa `settimeout` ba, manhajar za ta tsaya cak tana jiran amsar da ba za ta zo ba. Sakan uku ya isa ko da a kan data mai rauni.

Lura kuma da inda na sa `connect`. Shi ne yake neman adireshin sabar daga sunanta, kuma wannan neman yana iya cin lokaci fiye da tafiyar saƙon kansa. Shi ya sa ya zo kafin `t1`. Tsakanin `t1` da `t4` kada ka sa komai, ko `print` ne, domin duk abin da ya shiga nan zai shiga cikin awonka.

Mataki na huɗu: lissafin, wanda shi ne zuciyar al'amarin

Misalai da yawa da ke yawo suna ɗaukar bayit takwas na ƙarshe na amsar su ce ga lokaci. Ba ƙarya suka yi ba, amma lokacin da suka ba ka ya riga ya tsufa a hanya.

A ce agogonka ya tsaya, ka aiki yaro gidan maƙwabcin da ke bakin layi, wanda kullum yake saita nasa da rediyo. Yaron ya dawo ya ce, "Baba, ya ce huɗu daidai." Idan ka saita huɗu daidai ka yi kuskure, domin huɗun ta yi ne sanda yaron yake can. Amma in ka san ya yi minti shida tsakanin fita da dawowa, kuma ya tsaya minti biyu a zaure ana gaisawa kafin a duba masa agogo ya juyo, to tafiyar kanta minti huɗu ce, biyu zuwa biyu dawowa. Yanzu huɗu da minti biyu ke nan.

Abin da NTP ke yi ke nan da lokuta huɗu. `t1` sanda saƙo ya bar wajenka, `t4` sanda amsa ta iso, duka biyun da agogonka. `t2` sanda saƙon ya isa sabar, `t3` sanda ta sako amsa, duka biyun da agogonta. Ga misali da lambobi:

- `t1` = 10:00:00.000
- `t2` = 10:00:07.140
- `t3` = 10:00:07.141
- `t4` = 10:00:00.201

A agogonka tafiyar ta ci sakan 0.201, sabar ta riƙe saƙon na 0.001, saura 0.200 a hanya. Shi ne jinkiri. Bambanci kuwa: `t2 - t1` ya ba da 7.140, `t3 - t4` ya ba da 6.940. Na farkon ya yi yawa da tsawon zuwa, na biyun ya gaza da tsawon dawowa, idan ka haɗa su ka raba biyu sai kurakuran su cinye juna, a sami 7.040. Agogonka yana baya da sakan 7.04. Da lambar ta fito ƙasa da sifili, to gaba yake.

Akwai zato ɗaya a ƙarƙashin wannan lissafi, cewa zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya. Yaron yana iya tafiya da gudu, a hanyar dawowa ya tsaya kallon ƙwallo, kuma kai ba ka da hanyar sani. A kan datar waya wannan yana faruwa sosai, domin aikawa da saukewa ba gudunsu ɗaya ba. Abin da ke kwantar da hankali shi ne kuskuren yana da iyaka: ba zai wuce rabin jinkirin ba. A misalinmu, komai lalacewa, ba ka kauce wa agogon sabar da fiye da sakan 0.1 ba. Wannan ne dalilin da ya sa nake dawo da jinkiri tare da bambanci. Bambanci yana gaya maka lokaci, jinkiri yana gaya maka iya yardar da za ka ba shi.

Mataki na biyar: kada ka karɓi kowace amsa

```python
def tantance(amsa, alama):
    if len(amsa) < 48:
        raise ValueError("amsa ba ta cika ba")
    if amsa[24:32] != alama:
        raise ValueError("ba amsar tambayata ba ce")
    if amsa[0] & 7 != 4:
        raise ValueError("ba saba ce ta amsa ba")
    hawa = amsa[1]
    if hawa == 0:
        dalili = amsa[12:16].decode("ascii", "replace")
        raise ValueError("saba ta ƙi: " + dalili)
    if amsa[0] >> 6 == 3 or hawa > 15:
        raise ValueError("agogon sabar bai daidaita ba")
    if amsa[40:48] == bytes(8):
        raise ValueError("babu lokaci a cikin amsar")
```

Saba tana iya amsa maka alhali ita kanta ba ta san lokaci ba, misali yanzu aka kunna ta. Mai gaskiya ce, tana faɗa: bit biyu na farko su zama 3. Idan ba ka duba ba, ka ɗauki abin da mai shi ya ce kada ka ɗauka.

Hawa 0 a cikin amsa ba ya nufin ka sami agogon atom. Kora ce. Sabar tana rubuta dalili da haruffa huɗu a bayit 12 zuwa 15. `RATE` na nufin ka cika tambaya, ka rage. `DENY` da `RSTR` na nufin ba a ba ka izini ba, ka daina zuwa nan gaba ɗaya.

Mataki na shida: tambayi fiye da ɗaya

```python
SABOBI = ["0.pool.ntp.org", "1.pool.ntp.org",
          "2.pool.ntp.org", "time.cloudflare.com"]

def nemo_bambanci(agogo=time.time):
    amsoshi = []
    for saba in SABOBI:
        try:
            amsoshi.append(tambaya(saba, agogo))
        except (OSError, ValueError):
            continue
    if len(amsoshi) < 2:
        return None
    jere = sorted(b for b, j in amsoshi)
    tsakiya = jere[len(jere) // 2]
    amintattu = [a for a in amsoshi if abs(a[0] - tsakiya) < 1]
    if len(amintattu) < 2:
        return None
    return min(amintattu, key=lambda a: a[1])
```

Shaida ɗaya ba ta isa ba a abin da zai shafi albashin mutum ko kuɗinsa. A nan muna jera amsoshin, mu duba ta tsakiya, mu watsar da duk wadda ta yi nisa da ita da fiye da sakan ɗaya, sannan a cikin waɗanda suka rage mu ɗauki mai ƙarancin jinkiri. Idan ba a sami biyu da suka yi daidai ba, aikin yana dawo da `None`. Manhajarka ta san abin da za ta yi da wannan. A rajistar makarantar nan, abin da na yi shi ne ta ci gaba da rubuta zuwan malamai amma ta sa wa layin alamar cewa ba a tabbatar da lokacinsa ba, don kada a hukunta kowa da shi.

Da gangan ban sa `time.google.com` a jerin ba. Lokaci-lokaci ana ƙara wa agogon duniya sakan ɗaya don ya dace da juyawar ƙasa, na baya-bayan nan a ƙarshen Disambar 2016. Sabobin Google ba sa ƙara shi a tashi ɗaya, suna baza shi a hankali cikin awa 24, don haka a irin wannan rana za su saɓa da sauran. Ka zaɓi ɓangare ɗaya, ko su kaɗai ko sauran. A 2022 an yanke shawarar daina ƙara wannan sakan zuwa 2035, amma kafin nan dokar tana nan.

Mataki na bakwai: ajiye bambancin, ka bar agogon na'ura

Yanzu ka san agogon yana baya da sakan 7.04. Abin da zai fara zo maka shi ne ka gyara agogon kwamfutar daga cikin manhajarka. Ban ba ka shawarar haka ba. Yana buƙatar ikon mai gudanar da na'ura, kuma mayar da agogo baya a tashi ɗaya yana rikita sauran manhajojin da ke aiki. Ka riƙe bambancin, duk sanda kake son lokaci ka haɗa shi da agogon.

Sai dai da wane agogo? Idan da `time.time()` ka auna, wani ya zo ya canja agogon kwamfutar da hannu, bambancinka ya tashi aiki. A manhajar rajista kuwa, canja agogo shi ne abu na farko da mai son ha'inci zai gwada. Python yana da wani agogo, `time.monotonic()`, wanda bai san rana ko shekara ba, gaba kawai yake tafiya, kuma saitin agogo ba ya taɓa shi. Shi ya sa na bar `agogo` a matsayin abin da za a iya sauyawa:

```python
from datetime import datetime
from zoneinfo import ZoneInfo

sakamako = nemo_bambanci(time.monotonic)
if sakamako:
    bambanci, jinkiri = sakamako
    yanzu = time.monotonic() + bambanci
    print(datetime.fromtimestamp(yanzu, ZoneInfo("Africa/Lagos")))
```

Lissafin bai canja ba, bambancin ne kawai zai zama ƙatuwar lamba. Abu biyu za ka kiyaye. Kada ka adana wannan bambanci a fayil don amfani bayan an sake kunna na'ura, domin ƙirgar tana sake farawa. Kuma a Linux wannan agogo yana tsayawa idan kwamfuta ta yi barci, don haka ko ka sake tambaya bayan ta farka, ko ka yi amfani da `time.clock_gettime(time.CLOCK_BOOTTIME)` wanda yake ƙirga har da lokacin barcin.

Sabar ba ta san garinku ba, UTC, wato lokacin bai ɗaya na duniya, take ba kowa. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaba da shi da awa ɗaya duk shekara, Ghana daidai take da shi, Sudan awa biyu. A rumbun bayanai ka adana UTC, sai wajen nuna wa mutum ka juya shi da `Africa/Lagos` ko `Africa/Niamey` ko `Africa/Accra`. `zoneinfo` ya zo ne daga Python 3.9, a Windows kuma sai ka ƙara `pip install tzdata`.

Sau nawa za ka tambaya

Wannan batu ne na ladabi. A 2003 Jami'ar Wisconsin ta wayi gari da ambaliyar tambayoyi a kan sabarta ta lokaci. Da aka bincika sai aka gano wasu na'urorin rarraba intanet na Netgear ne, dubu ɗaruruwa, an rubuta adireshin sabar jami'ar a cikinsu, kuma idan ba su sami amsa ba sai su riƙa maimaita tambaya duk sakan ɗaya. Ƙaramin kuskure ne a kod, amma da aka ninka shi da yawan na'urorin da aka sayar sai ya zama bala'i ga mutanen da kyauta suke yi wa jama'a hidima.

Agogon da ke kauce wa da sakan 1.7 a rana bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba a awa guda. Don haka ga rajista, ko rasit, ko allon lokutan salla, tambaya sau ɗaya a awa ta wadatar har ta yi yawa. Idan ba a amsa ba, ka jira minti ɗaya, sannan biyu, sannan huɗu, kana ninkawa. Kada ka sa na'urori su yi tambaya daidai kan awa, ka ƙara 'yan sakanni da ka, don kada duka su taru a lokaci guda. Idan kuma na'ura za ka ƙera ta sayarwa da yawa, masu kula da `pool.ntp.org` sun nemi a nemi suna na musamman a wajensu maimakon amfani da na kowa da kowa.

Idan amsa ta ƙi zuwa

In duk sabobin sun yi shiru alhali intanet na aiki, galibi an toshe ƙofa ta 123 ne a hanyar sadarwar wurin, abin da ake yawan yi a ofisoshi da makarantu. Gwada da datar wayarka, in ya yi aiki ka san inda matsalar take. A Windows wannan umarni zai nuna maka ko hanyar a buɗe take:

```
w32tm /stripchart /computer:time.windows.com /samples:3 /dataonly
```

Idan ba za a buɗe maka ba, akwai mafita ta wucin gadi. Sabobin shafukan intanet suna sa layin `Date` a kan amsarsu, da lokacin GMT, kuma `email.utils.parsedate_to_datetime` yana karanta shi. Ba ya nuna guntun sakan, don haka ka ɗauka kana iya kaucewa da sakan ɗaya ko biyu. Ga wani tarko kuma: idan agogon na'urar ya koma 1970, haɗin HTTPS zai ƙi ƙulluwa saboda takardar shaida, ga shi kuma lokacin kake nema.

NTP na asali ba shi da kariya, wanda ke tsakaninka da sabar yana iya sauya amsa. Alamar da muka sa tana hana na nesa cusa amsar bogi, amma ba ta hana wanda saƙon ke bi ta hannunsa. Inda lokaci ya shafi kuɗi ko tsaro, akwai NTS, kariyar da aka ƙara wa NTP, da aka fitar a 2020 cikin RFC 8915. Sabar Cloudflare tana amsa shi, chrony kuma, manhajar daidaita agogon kwamfuta a Linux, ya iya shi tun daga siga ta 4.0.

Wannan ya kawo ni kan chrony ɗin. Idan kwamfutar taka ce, kai ke da iko da ita, ka sa chrony ko ka kunna `timedatectl set-ntp true`, ka bar su su riƙa gyara agogon a hankali, sannan `chronyc tracking` ya nuna maka inda aka kwana. Sun fi duk abin da za mu rubuta a layi hamsin. Kod ɗin da ke sama na wurin da ba ka da wannan iko ne, ko ba ka yarda da wanda ke zaune gaban kwamfutar ba. Wanda kuma ba ya son rubuta shi da hannu, laburaren `ntplib` yana yin tambayar, ya ba ka `offset` da `delay`, amma tantance amsa da kwatanta sabobi suna nan a wuyanka.

Ga masu harhaɗa agogon masallaci ko ƙararrawar makaranta da ESP32, layi ɗaya ne bayan an haɗu da Wi-Fi: `configTime(3600, 0, "pool.ntp.org")`, inda 3600 ɗin ita ce awa ɗayan da muke gaba da UTC. Kada allon ya nuna komai sai `getLocalTime` ya tabbatar an samu lokaci. Kuma tunda wuta da data ba su da tabbas, ka haɗa masa ɗan agogon DS3231 mai batirinsa. Kuskurensa wajen kashi 2 ne cikin miliyan, kimanin minti ɗaya a shekara. Duk sanda aka sami intanet sai ka rubuta masa sabon lokaci, in an ɗauke wuta aka dawo da ita kuma babu data, daga gare shi allon zai karanta.